Jitar da Ta Fi Jure Duka

Winnipeg, Kanada

Zuwa ga yayana Thaddeus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Corinne da yara? Yaya ƙafar Mama? Ni ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ka nemi in gwada jitarka mai tsada, wadda ka ara mini, da tawa mai matsakaicin kuɗi. A kiɗan metal, wannan kiɗan Turawa mai tsananin ƙara da muke yi, taka ta fi kaurin sauti, ta fi riƙe amo. Tawa tana sakin tsirkiya idan na matsa mata.

Ka san al'adar ƙungiyarmu ta kiɗa: a ƙarshen wasa mawaƙinmu, Rusk, yakan fasa wata tsohuwar jita a kan dandamali. A birnin Regina ya wawuri taka bisa kuskure, domin duk jitocin baƙaƙe ne. Na riƙe wuyanta, bai saki ba, ya maka ta da ƙasa har da hannuna na hagu. Bugu ɗaya ta rabe. Ya yi dariya, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi, ya ce, "Farfesa, ashe kayan masu kuɗi ba su da ƙashi."

Na ɗauki tawa da hannun dama na sauke masa a baki. Haƙoransa sun zube, ita ko fenti bai kankare ba. Ƙarshen gwajin ke nan.

Gutsattsarin taka suna cikin akwatinta, zan kawo da kaina. Kada Mama ta ji. Likita ya ɗaure mini yatsun hagun da suka ji rauni. Bai faɗa mini ko zan iya sake kiɗa ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Wendell