An Shafa wa Shagona Jan Fenti

Zongo, Wagadugu

Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Muna lafiya, sai dai ranar Talata an shafa wa shagunan layinmu jan fenti, har da nawa. Wai rushe su za a yi. Muka je meri, wato ofishin magajin gari, wurin Alhaji Al'amin da ya saba tsaya mana. Ya ce, "Hajiya, yanzu komai daga sama yake saukowa. Wallahi ni ma a rediyo na ji."

Na fara kwashe atamfofi zuwa gida. Kada ki gaya wa Inna, ki ce kasuwa na tafiya. Ki sa mu a addu'a, don ban san wanda zan kai wa kuka ba.

Ƙanwarki,
Shahida