Koren harsashi

Daren Laraba, 9 ga Safar, Giwa Tazo

Tun bara nake jin wai a Jega akwai mai yi wa harsashi fenti, ya gasa shi kamar ƙofar ƙarfe, saboda tsofaffin bindigogin da harsashinsu ya ɓace a kasuwa. Dariya na yi, na ce ashe mutuwa ma ta fara kwalliya.

Yau anka ciro guda daga ƙirjin Ardo Buba, da anka harba a hanyar Kuberi yana kora shanunsa. Bai kai asibitin Maiyama da rai ba. An miƙo mini harsashin, na juya shi a tafin hannuna. Kore ne shar, irin koren ƙofar da Sanusi ɗana ya ƙera mini a shagonsa na walda a Jega.

Na ce wa zuciyata fenti ai ba na mutum ɗaya ba ne. Gobe 'yan banga za su bi shagunan Jega, sun ce in raka su, tunda na san gari.

Na kasa cin tuwo. Da anka zo ɗaukar kwano, sai anka ce mini a hankali, "Malam, wata ukku ke nan ba ƙofa yake gasawa ba."

Uwar Sanusi ce ta faɗa.