Saboda Ni Aka Kore Su

Talata, 8 ga Mayu, 2001, Takur

Wata huɗu ina jiran izinin shiga wata firamare a Buji, don bincikena kan yaran da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau na je, na tarar da aji tsit.

Na tambayi hedimasta ina yaran da aka ce sun gagari malamai.

Ya ce, "Ai Malama, masu ƙiriniyar mun tura su gida, kada su ba mu kunya gaban baƙuwa."

Ya haife ni, sai na yi godiya, har furarsa na sha.

Shekara shida ina rubutu don a daina korar yaran nan daga aji. Yau saboda ni aka kore su.