Matan kifi na zuba a tanki, na tarar da maza

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Litinin.

Ina zaune a garin Springfield, nan ƙasar Turawa, shekarata shida ina aiki a wata gonar kifin teku, tafiyar awa guda a mota. Ban yi boko ba, amma na san kifi. In na matsa cikinsa, namiji yana fitar da farin ruwa, mace ƙwai. Bara aka kawo mana wani baƙin kifi sabo, aka ce in ware mata zalla a tanki ɗaya. Da hannuna na ware, aka saka wa kowacce lamba a ƙarƙashin fata.

Watan jiya na tarar da guda uku da shuɗin ƙullutu a goshi irin na maza, na matsa, farin ruwa. Mu biyu ke da makullin ɗakin da tankin yake, ni da Bitrus, mutumin Jos, wanda ya daɗe yana cewa shi ya kamata a ba wa kula da iyayen kifi. Ban tambaye shi ba, kai tsaye na je wurin manaja na ce ya zuba mini maza don a ce ban iya aiki ba. Aka dakatar da shi.

Sai wata baturiya da ke binciken kifin a gonar tamu ta zo da na'urarta ta karanta lambobin, ta ce matan da na ware ne. Wai irin wannan kifi, in mata suka daɗe babu namiji, manyan cikinsu sukan rikiɗe su zama maza. Ni na taso a bakin tafkin Chadi, ban taɓa jin haka ba. Kuma ita da Bitrus teburi ɗaya suke cin abincin rana. In gaskiya ne, me ya hana ta faɗa mini tun bara? Lambar ma ni ba na iya karanta ta, abin da ta ce shi ke nan.

Matata ta ce, Malam, ka je ka ba mutumin nan haƙuri, ’ya’yansa huɗu. Manaja ya ce ran Litinin ko in janye ƙarar, ko in tsaya a kai a kore shi. In na janye kuma ashe baki suka haɗa, ni ne na gaba.

Likitoci da malaman jami’a na wannan zaure, ku gaya mini ba kwana-kwana: mace tana zama namiji a kifi? In haka ne zan je gidansa da ƙafata. In ƙarya ne, me zan ce wa manaja?