Motar Sallau da Kunnena

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Sallau mahauci ya sake dawo mini da a-kori-kurarsa, karo na uku cikin wata guda. Ciwon dai bai canja ba: da asuba ba ta tashi. Ta yi ta gurnani, ta tofar da farin hayaƙi, sai mutanen mayanka sun taru sun tura. Rana na ɗagawa kuwa, taɓa makulli ɗaya ta kama. Tsohuwar mai gas ce, ta girmi ɗiyata ta fari, amma injinta ni na sauke shi na ɗaura da hannuna, na san ba abin da ke damunsa.

Ya tsaya mini bakin gareji yana magana ciki-ciki. Na ce ɗaga murya, kai ba amarya ba ne. Abin da na tsinta: nama yake kaiwa Maradun, in ya makara fita ya makara dawowa, wannan hanya kuwa ba ta yamma ba ce, kowa ya sani. In Talata ta zo ban gano ciwon ba, Bakura zai kai ta wurin Kamilu.

Kamilu fa. Wanda na koya wa riƙon sifana. Shekara talatin da ɗaya ina wagga sana'a a Mafara, mota na tahowa tun daga kwana nake faɗin ciwonta da kunne, ban buɗe bonet ba. Wai yau aikina, ni Ɗan Juma, za a ɗauka a kai wa Kamilu. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

Alhamis, 9 ga Janairu

Batir cike yake. Kik na juya inji da ƙarfinsa. Hita huɗun da ke ɗumama inji kafin a tayar, sababbi na sa makon jiya. Da hantsi na ɗora ƙwan gwaji, wuta na zuwa gare su sarai.

To saura iska cikin layin mai. Na canja tiyo, na canja filta, na matse iska har mai ya fito tas ba kumfa. Ruwa ba ya tsami banza. Gobe mu gani.

Juma'a, 10 ga Janairu

Ba ta tashi ba. Mutum shida suka tura.

'Yan kwamitin masallaci su ma su gyara lasifikarsu. Rabin huɗuba ban ji ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kwance nozil masu fesa mai cikin inji na kai gwaji, feshinsu lafiya lau. Haushi ya ƙara kama ni, don na so a ce su ne.

Na ce wa Sallau man bumburutu yake ɗura mata, mai ruwa a ciki. Ya rantse gidan mai ɗaya yake sha shekara da shekaru. Na zuƙo na ƙasan tanki cikin kwalba don in kunyata shi. Mai tsabta, ko ɗigon ruwa babu. Ni na kunyata, gaban masu shayin bakin gareji.

Wai kuma ya kira ni sau huɗu jiya ban ɗauka ba. Wagga waya ta mutu, ba ta ƙara. Matata Tabawa ta ce ta ji tana yi cikin aljihuna. Mace in tana son ta goyi bayan bare ba ta rasa abin faɗi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Jiya na hana shi motar, na kwanar da ita ƙofar gidana. Ciwon safe da safe ake kama shi, ba da hantsi ba. Ya yi hayar wata ya kai namansa, yana ta ƙunƙuni.

Daga masallaci na wuce wurinta. Sanyin da ke tasowa daga fadamar Bakolori har cikin ƙashi. Na murɗa makulli rabi, fitilar hita ta kama, na jira ta mutu, na buga. Gurnani da farin hayaƙi, har batir ya fara sanyi. Na fito na kai wa taya shuri. Yanzu ga babban yatsa ya kumbura.

Saura kwana biyu.

Litinin, 13 ga Janairu

Yau ta tashi. Bugu ɗaya, cikin sanyin da ya fi na jiya, ban taɓa mata komai ba. Wannan ya fi ƙin tashin ciwo. Motar da ke ƙi yau ta yarda gobe, raina maka hankali take yi.

Ina zaune ciki ina zaginta, Tabawa na sharar ƙofar gida. Ta matso ta ce, "Malam, ai yau ta yi ƙas ɗin."

Na ce wane ƙas?

Ta ce jiya da na murɗa makulli shiru ta ji. Yau kuwa wani abu ya ce ƙas cikin bonet kafin in buga.

Na ce koma wurin kokonki. Ba wani ƙas. Ina zaune kan motar ban ji ba, sai ke mai tsintsiya? Ta ɗauki tsintsiyarta ta shige. Gara ma ta yi musu.

Na daɗe ban fito daga motar ba.

Rile ne. Ɗan baƙin akwatin da ke tura wuta zuwa hita. In ya kama yakan ce ƙas, in bai kama ba fitilar gaba na iya ci gaba da yi maka ƙarya. Abu na farko da na koya wa Kamilu ke nan: murɗa makulli, rufe baki, saurara. Jiya ban ji ƙas ba, yau ban ji ba, kuma ko a raina bai zo ba cewa akwai abin da ya kamata in ji. Tun yaushe?

A'a. Gilas a rufe yake, ga hular sanyi. Shi ke nan.

Talata, 14 ga Janairu

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da asuba na leƙa madafa na ce ta zo ta taimake ni. Ba ta tuna mini jiya ba, ni ma ban tuna ba.

Na zaunar da ita kujerar direba, abin da ba ta taɓa yi ba, na nuna mata rabin murɗi. Ni na buɗe bonet na ɗora yatsu biyu kan rile. Ta murɗa. Ba motsi. Ta leƙo ta girgiza kai. Na ƙwanƙwasa shi da gindin sifana, na ce sake. Sai na ji ya harba ƙarƙashin yatsuna. Ta leƙo tana murmushi, bakinta na cewa ga shi.

Da yatsa na ji. Kunne ko kaɗan.

Na ɓare shi: bakinsa ya cinye, ga tsatsa. Da rana in ya ji zafi ya kama, da sanyi sai ya ga dama. Abin da bai kai kwalin ashana biyu ba ya wahalar da ni wata guda. Na sa wani.

Sallau ya zo ɗaukar mota zuwa Bakura. Na sa makulli aljihu na ce asuba ɗaya nake so, in ta ƙi ni da kaina zan tuƙa ta har garejin Kamilu. Ya faɗi wani abu. Ban ce ya sake ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Bugu ɗaya.

Juma'a, 17 ga Janairu

Safiya uku ke nan tana tashi. Sallau ya zo da ƙafar saniya a leda, aka yi gaisuwa har da tambayar kaji. Gaban masu shayi ya ce, "Aradu kunnen Ɗan Juma bai taɓa ƙarya ba, Kamilu ya jira tukuna." Suka yi ta awo, awo, suna gaskata shi. Na karɓi yabon, ban ce Tabawa ba. Na ji kunya, kuma na ji haushin jin kunyar.

Da ƙarfi ya faɗa, kuma sai da ya zagayo ta hagu. Wa ya gaya masa kunnen hagu ya fi? Masu shayin ma ta hagu suke tsayawa. Ashe gari duka.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wani manomin albasa ya kawo motarsa, wai tana wani sauti in ya taka. Na ce ya bar ta ta kwana ƙofar gidana. Ba don komai ba, gida ya fi tsaro.

Da safe muna tsaye da Tabawa gindin dogon yaro kafin in tayar, na ce oho, tsuntsayen iccen nan tun yaushe suka tashi? Da can ba su barin mutum barcin safe.

Ta ɗaga kai, ta dube ni. Ta ce, "Suna nan, Malam. Ga su can suna ta yi."

Na duba. Suna nan, bakunansu na motsi.

Ta ce wai akwai likitan kunne a wani asibiti a Gusau, ran Litinin yake ganin mutane, tun bara ta tambayo. Ni dai dama ina da kayan gyara da zan sayo Gusau. Na ce ta shirya da wuri, ba na son jira.