Keken ɗinkin takalman Malam

Laraba, bayan isha'i

Yau ma Sadiku ya zo da maganar sayar da keken ɗinkin babansa, wai a cika shagonmu na Sabon Gari da takalman Chaina. Ya ce, "Umma, kowace ƙasa da abin da ya fi mata sauƙi. Mu jimar fata, su ɗinkin takalmi."

Ni dai ban gane ba. Fatar awakinmu ake kai wa Turawa, ta dawo mana takalmi mai tsada. To, maigidana Malam da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka ta a nan, bai iya ba ke nan? Sadiku ya ce ba maganar iyawa ba ce. Sai ya ƙara ruɗa ni.

Na san ciniki ya mutu tun kafin Malam ya kwanta ciwo, Allah ya jiƙansa. Amma aikinsa na ƙarshe yana nan kan teburin shago, ƙafar dama kaɗai ya gama.

Na ce wa Sadiku ya ɗinka ta hagun tukuna, sannan ya sayar da keken. Ya sunkuyar da kai. Ashe bai taɓa koya ba.