Hitar Ɗakina: Ƙarƙashin Taga ko Kusa da Ƙofa?

Anti Lorraine, don Allah ki taimake ni. Kaina ya kulle, ga shi ranar Alhamis za a fara ɗaga katakon daɓen gidanmu.

Shekaruna ashirin da uku, a watan Yuni na gama karatun injiniya. Ni da Mama ne kawai a gida tun rasuwar Baba. Murhun itace ne ke ɗumama mu tun ina ƙarama, amma bana an yi wa Mama aiki a gwiwa, likita ya hana ta hauro da itace daga ɗakin ƙasa. Shi ne muka yanke shawarar sa tukunyar ruwan zafi, da hitocin bango waɗanda ruwan zai riƙa zagayawa a cikinsu. Ƙanin Mama, Kawu Reijo, shi ne mai aikin famfo. Ni aka ba zanen inda kowace hita za ta zauna, don a cewarsa, "ga Injiniya mai kwali a gida, mu 'yan sufana namu bin umarni."

Hita takwas ne. Na auna kowane ɗaki sau biyu, bakwai ba su ba ni wahala ba. Duk ƙarƙashin taga na sa su, inda sanyi ke gangarowa daga gilashi, don ɗumin da ke tasowa ya tare shi. Har ta falo mun daidaita, bayan Mama ta yarda ta rage tsawon labulenta don kada ya rufe hitar.

Ta takwas, ta ɗakina, ita ce ta hana ni sakat. Ɗakin mita uku da santimita goma ne a tsaye, mita biyu da tamanin a kwance, tagarsa tana kallon arewa, ɓangaren da ya fi sanyi a nan. A ƙarƙashin tagar akwai teburin karatu mai aljihuna har ƙasa, Baba ne ya kafa mini shi a jikin bango ina shekara tara. Hita ba za ta shiga wurin ba sai an ciro shi. Mama ta ce kada a taɓa shi, a sa babbar hita kusa da ƙofa. Na yi lissafin, zai yiwu, sai dai sanyi zai riƙa bin ƙasa yana ratsa ɗakin.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. An ɗauke ni aiki a Calgary, birni mai nisan gaske daga nan, zan fara ranar shida ga Janairu, har na sa hannu. Yau kwana goma sha ɗaya wasiƙar ɗaukar aikin tana cikin aljihun wannan teburin. Mama kuwa cewa take yi, "Ki zaɓi inda zai yi miki daɗi, 'yar nan, ai ke za ki kwana a ciki, ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba." Kawu ma ya fara zolaya: "Injiniya, ɗaki bakwai a yini guda, ɗaki ɗaya mako biyu? Gawa kika binne a ciki ne?"

Zane biyu na yi. In na miƙa na taga, Mama za ta tambayi dalilin da ya sa na haƙura da teburin Baba, ni kuwa ban iya ƙarya ba. In na miƙa na ƙofa, na sa hannu ke nan a kan aikin da na san an gina shi a kan zaman da ba zan yi ba, kuma in an rufe bututu a ƙarƙashin daɓe an rufe ke nan. Wani lokaci sai in ce a bar ɗakin ba hita, a kulle shi. Wani lokaci in ce aikin Calgary zan fasa. Anti, wane bango?

Mai Zane Biyu, Thunder Bay

'Yata Mai Zane Biyu,

Bari mu fara da mai sauƙin. Kada ki bar ɗaki mai kallon arewa ba hita a garinku, sanyin Janairu zai iya fasa bututun da ke kusa da shi. Lissafinki daidai ne, ƙarƙashin taga ya fi, amma kusa da ƙofa ma gidaje da yawa a haka suke, mutanen ciki kuma lafiyarsu ƙalau. Ko ina ta zauna, Kawunki ya sa mata makunnin rage zafi. Shi ke nan an gama da ƙarfe.

Aikin Calgary ba laifi ba ne, guminki ne, kada ki fasa shi don tsoron magana ta minti goma. Amma ki dubi ɓangaren Mama. Mace ce mai sabon ɗinki a gwiwa, ga hunturu a bakin ƙofa. Tana bukatar sanin wanda zai kwashe mata ƙanƙara a ƙofar gida, da wanda zai kai ta asibiti. Duk ranar da kika ƙara kina shiru, ranar shirinta kika ci. Na san tausayi ne ya rufe miki baki, sai dai ita ce za ta ɗauki nauyin wannan shirun.

Ki gaya mata kafin Alhamis, ku biyu kawai, ba Kawu a wurin. Ki fara da ranar tafiya, sannan abin da kika tanada mata, da lokacin da za ki riƙa zuwa. In ta yi kuka, ki bar ta ta yi, kada ki tare ta da lissafi.

Bayan nan ki shimfiɗa mata zanen biyu ta zaɓa, don ita za ta zauna a gidan. Wataƙila ta ce a bar teburin, ko da ba mai zama a kai. In haka ta zaɓa, ki sa hannu da zuciya ɗaya, wannan karon babu ƙarya a ciki.

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa ki shiga sabon aikinki a sa'a.

Anti Lorraine